Boko Ba Daga "Book" Ta Fito Ba: Fashin Baƙi Kan Kalmomin da Suka Yi Kama a Harsuna Daban-daban

Duk wanda ya tashi a Jihar Kebbi kunnensa ya saba da harsuna. A kasuwar Kamba kaɗai za ka ji Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci, ga kuma Faransancin fataken da ke shigowa daga Gaya. Ka gangara Yawuri ka tarar da Kambarci da Gunganci, ka nufi Zuru ka ji Dakarci da Fakkanci. Mai zama cikin irin wannan cakuɗa, dole wata rana ya tsinci kalma a bakin baƙo wadda ta yi daidai da tasa, ya tsaya yana tambayar kansa: su suka ɗauka a wurinmu, ko mu muka ɗauka a wurinsu? Tambayar ba ta da laifi, gaggawar amsa ta ce matsala. Yanzu an wayi gari ana yawo da jerin kalmomi a WhatsApp da Facebook, wannan ya ce Hausa ɓurɓushin Larabci ce, wancan ya ce wata al'umma ta can ƙarshen duniya jikokinmu ne don an sami kalmomi goma masu kama da namu. Hausawa kuwa tun tuni suka ce kama da wane ba ta wane. A sha'anin harshe, kamanni shi ne mafi raunin hujja, kuma sau da yawa kalmomin da suke 'yan'uwa na gaske ba sa ma kama da juna.

A fara da boko, domin ita ce ta fi yaudarar mutane, har da masu zurfin karatu. Shekara da shekaru ana rubutawa cewa daga kalmar Ingilishi "book" ta fito, kuma da sunan Boko Haram ya shiga kafafen labaran duniya sai maganar ta ƙara yaɗuwa. Ga kama a sauti, ga kusanci a ma'ana: littafin Bature, karatun Bature. To me ya rage? A 2013 Paul Newman, masanin Hausa ɗan Amurka, ya fitar da wani gajeren nazari da ya nuna ba haka abin yake ba. Hujjar farko tana cikin Hausar kanta. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo boko da ma'anar algus da yaudara, wato abin da aka yi don ganin ido. Iyayenmu mata sun san amaryar boko, wadda ake lulluɓewa a yi rakiya da ita alhali amaryar gaskiya tana wani wuri, kuma har gobe muna cewa biri-boko. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Hans Vischer da aka fi sani da Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawar Kano a 1909, mutanen da suka gaji karatun allo da na zaure suka dubi sabon karatun, suka laƙaba masa sunan da dama can suke kiran abin da ba na gaske ba da shi. Hujja ta biyu sauti ne. Da Bahaushe ya ari "cook", kuku ya ce, bai ce koko ba. Wasalin "cook" da na "book" ɗaya ne, don haka da a ce aro aka yi, buku za mu riƙa cewa, kamar yadda mutanen Indunusiya suke cewa buku, wadda suka aro daga harshen Holan. Ga shi kuma Bahaushe yana da littafi tun kafin zuwan Bature, ba shi da buƙatar wata. Abin ban sha'awa, a Ƙaramar Hukumar Bagudo da ƙasar Bargu akwai harshe sukutum mai suna Boko, na dangin harsunan Mande, wanda babu abin da ya haɗa shi da bokon makaranta balle littafin Ingila.

Wannan hujjar ta kuku ita ce ginshiƙin ilimin gaba ɗaya. Sauti ba ya canzawa da ka. Idan ya canza a kalma ɗaya, to ya canza a duk kalmomin da ke da irin wannan yanayin. Ba sai mun je nesa ba, bakinmu ya ishe mu misali. Bakano ya ce fari, fata, faɗi, mu a nan mu ce hwari, hwata, hwaɗi. Ya ce fita, tafi, lafiya, mu ce hita, tahi, lahiya. Wanda ya gane ƙa'idar, ko bai taɓa taka Argungu ba zai iya faɗa maka yadda Bakabe zai furta kalmar da bai taɓa ji a bakinsa ba. Akwai wata ƙa'idar da ta fi wannan daɗi. Mu ce zamna, sabro, abduga, ɗamre, amre ko arme, Kanawa su ce zauna, sauro, auduga, ɗaure, aure. Wani Bajamushe, August Klingenheben, shi ya fito da bayanin a 1928: baƙi irin "k" ko "b" ko "m" idan ya zo a ƙarshen gaɓa yakan yi rauni ya koma "u". Idan baƙin "k" ne, canjin ya game mu duka, shi ya sa talaka ta ba da talauci, sarki da sarakuna suka ba da sarauta. Idan kuwa "m" ne ko "b", canjin ya tsaya a gabas, bai iso yamma ba. Ma'ana, yaron Gummi ko na Jega da ake yi wa dariya a makaranta don ya ce zamna, tsohuwar siga ce a bakinsa, ta daidaitacciyar Hausa ita ce sabuwa. Ina so malamanmu na firamare su san wannan, domin yaran da yawa suna tashi da tunanin Hausar gidansu gurɓatacciya ce.

Da wannan ma'auni ake gane aro na gaskiya. Ɗauki harafin Larabci da almajirai ke kira lodi. Duk inda ya shigo Hausa ta tsohuwar hanya, "l" yake komawa: al-ƙadi ta zama alƙali, al-wudu'u ta zama alwala, darura ta zama larura, farida ta zama farilla, damir ta zama lamiri, Murtada ya zama Murtala, Ridwan ya zama Rilwanu. Ba kalma ɗaya ba ce, layi ne guda, kuma layin shi ne hujja. Ita dai wannan al-ƙadi, da ta haura Andalus, wato Sifaniya a zamanin mulkin Musulmi, sai ta zama "alcalde", wadda a Sifaniyanci na yau take nufin magajin gari. Alƙalin Gwandu da magajin garin Madrid suna amsa suna ɗaya ba su sani ba. Haka "p" ta Ingilishi take komawa "f" a bakinmu: fensir, famfo, fenti, fasinja, fam.

Ararrun kalmomin da suka fi daɗewa su ne suka fi ɓoye kamanninsu. Wa zai kalli lokaci ya ce al-waƙt ce? Amma "al" ta Larabci ta narke ta bar "l", kamar yadda ta yi a laifi daga al-aib, da lafiya daga al-afiya, da liman daga al-imam, da lissafi daga al-hisab, da littafi daga al-kitab. Sannan "t" a Hausa takan koma "c" idan "i" ko "e" ya biyo ta, kuma da zarar ka ce lokuta sai ga "t" ɗin ta dawo fili. Kasuwa ta fi haka nisa. Tushenta suƙ ne na Larabci, amma ba kai-tsaye ta zo mana ba, sai da ta biya ta Barno, Barebari suka ɗafa mata "ka" a goshi yadda suke yi wa sunayensu, sannan muka karɓa. Joseph Greenberg ya yi rubutu a 1960 kan tasirin Barbarci a Hausa, inda ya nuna karatu da rubutu ma ta can suka biyo, ga kuma sarautu irin su galadima da ciroma da yarima. Daga arewa kuma Buzaye suka kawo mana takobi da raƙumi da azurfa da takarda. Takarda tafiyarta doguwa ce: daga Girkanci ta shiga Latin a matsayin "charta", harsunan Berber na Arewacin Afirka, waɗanda harshen Buzaye ke cikinsu, suka ɗauka suka sa mata "ta" ta mace a gaba, ayarin Azbin ya tsallako Sahara da ita. Ita wannan "charta" ɗin ce ta bi ta Faransa ta shiga Ingila ta zama "card", Turawan mulki suka kawo ta muka ce kati. Takarda da kati kaka ɗaya gare su, sun rabu ɗaruruwan shekaru, sun sake haɗuwa a aljihun Bahaushe.

Irin wannan shigowa ta ƙofa biyu ba ta tsaya nan ba. Je teburin mai shayi a tashar Gusau da asuba, wani ya ce a haɗa masa shayi, na kusa da shi ya ce a ba shi ti. Dukansu sunan ganye ɗaya suke kira da harshen Sin. A mafi yawan ƙasar Sin "ca" ake cewa, ita ce ta biyo hanyar ƙasa ta Farisa ta zama "cai", Larabawa suka ce shai, muka ce shayi. A gaɓar tekun Fujiyan kuwa "te" suke cewa, fataken Holan suka ɗauke ta a jiragen ruwa a ƙarni na 17, ta zama "tea" a Ingila. Sukarin da ake zubawa a ciki ma haka ne: daga tsohon harshen Indiya, Sanskirit, ya bi Farisanci ya shiga Larabci ya zo mana a sukari, ya kuma zagaya ta Turai ya dawo mana a suga. Wannan ne kuma ke warware mamakin masu kallon finafinan Indiya idan suka ji duniya, ko "khabar", ko "kitab", ko "hisab". Ba Indiyawa suka ara a wurinmu ba, ba mu muka ara a wurinsu ba. Larabci ne ya ba mu ta Sahara da Barno, ya ba su ta Farisanci.

To sai babbar tambaya, wadda ta fi jawo gardama a majalisu: Hausa daga Larabci ta fito? A'a. Amma akwai dangantaka ta jini, kuma ta girmi aron nesa ba kusa ba. Hausa tana cikin dangin da masana ke kira harsunan Cadi, tare da Bolanci da Ngizim da Bade da Angas da Tangale da Margi da wasu fiye da ɗari. Su kuma harsunan Cadi reshe ne na babban gidan da Greenberg ya kira Afro-Asiya a rabe-raben harsunan Afirka da ya kammala a 1963. Sauran rassan sun haɗa da na Larabci da Ibrananci da Amharik, da na Berber, da tsohon harshen Masar, da na Somaliya da Oromo. Larabci ba uban Hausa ba ne, ɗan'uwa ne na nesa, kuma sun rabu dubban shekaru kafin Musulunci, kafin a san rubutu ma.

Ana gane gado da inda yake zama. Aro yakan taru a fagen addini da shari'a da ciniki da karatu, shi ya sa sunayen ranakun mako da ashirin da talatin har zuwa casa'in duk na Larabci ne, alhali kakanninmu gomiya biyu da gomiya uku suke cewa. Gado kuwa yana cikin abin da ba a zuwa kasuwa a saya: sassan jiki, mutuwa, suna, wakilin suna, ginin jimla. Mutu ta yi daidai da "mata, yamutu" ta Larabci, kuma baƙaƙen nan "m" da "t" suna nan a Ibrananci da Berber da rubutun Fir'aunonin Masar. Suna ta dace da "ism" da "shem" ta Ibrananci. Ƙashi da huɗu suna da takwarorinsu a tsohon harshen Masar. Wadda ta fi burge ni ita ce harshe, kuma a nan ma Hausarmu ta yamma ce ke riƙe da mabuɗin, don mu halshe muke cewa. Cire "ha" ɗin farko, wanda ke maƙale a sassan jiki irin su hanci da haƙori da hanji. Koma jam'i, halsuna, ka ga "sh" ɗin asalinsa "s" ne. Abin da ya rage "l" da "s", su ne na "lisan" ta Larabci da "iles" ta Buzaye. Babu wanda zai ji harshe da "lisan" ya ce sun yi kama, amma ga shi tsatso ɗaya ne. Nahawu ya ƙara tabbatarwa. Muna cewa ya zo, ta zo, Balarabe ya ce yaktubu, taktubu. Muna cewa gidanka, gidanki, ya ce baituka, baituki. Muna gina mabuɗi da makaranta da "ma", ya gina miftah da madrasa da maktab. Al'umma takan ari sunan albasa, amma da wuya ƙwarai ta ari yadda take bambanta namiji da mace a cikin aikatau. Wani abin da zai ba mutanen Zuru da Yawuri mamaki shi ne, ta fuskar asalin harshe Hausa ta fi kusa da Ibrananci a kan Dakarci da Kambarci, domin su na gidan Neja-Kwango ne, gida ɗaya da Yarbanci da Fulatanci da Sawahili. Wannan maganar harshe ce kawai. Harshe daban, jini daban, kuma Hausawan yau da yawa kakanninsu wani harshen suke yi.

Saura arashi, wanda shi ne mutane suka fi ƙin yarda da shi. Ɗauki mata. A Hausa matar aure ce ko jam'in mace. A Indiyanci uwa ce, 'yar'uwar "mater" ta Latin da "mother" ta Ingilishi. A harshen Malesiya da Indunusiya ido ne. A Larabci, ya mutu. A Sifaniyanci, yana kashewa. A Japananci, kuma ko sake. Harsuna shida, sauti kusan ɗaya, kowace da tarihinta. Lissafin ba shi da wuya. A ƙaddara harshe yana da baƙaƙe 20 da wasula 5, gaɓoɓinsa masu sauƙi 100 ke nan, kalmomi masu gaɓa biyu da za a iya ginawa 10,000. Kowane harshe kuwa yana da dubban kalmomi, kuma harsunan duniya sun kai wajen 7,000. Dole a yi karo, wani lokaci har ma'anar ta zo ɗaya. "Bad" a Farisanci tana nufin mummuna daidai da ta Ingilishi, kuma an bi tarihin kowace an ga ba su haɗa hanya ba. Wani harshen 'yan asalin Ostireliya mai suna Mbabaram yana kiran kare "dog", ba tare da ya ara daga Bature ba. A gida ma, Bazabarme idan ya ce hari ruwa yake nufi, idan ya ce bari doki yake nufi.

Wani karon kuma ararriyar kalma ce ke faɗowa kan ta gida. A wani biki a Kangiwa, wata dattijuwa da ta zo daga Dogondutsi tana ba dangi labari, fuskarta cike da murna, cewa ɗanta ya gama karatu ya zama mushe. Ɗakin ya yi tsit, har wata matashiya ta kasa haƙuri ta ce, "Subhanallahi, Gwaggo, wane irin mushe kuma?" Ta ce, "Ɗiyata, mushen lakwal mana, mai koya ma yara karatu." Mushen Nijar daga "monsieur" ta Faransanci yake, lakwal kuma daga "l'école", babu ruwansu da dabbar da ta mutu ba yanka. A rubutu sun zama ɗaya ne don bokonmu ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, kuma da yawa daga cikin jerin da ake yawo da su a waya a kan wannan raunin aka gina su. Haka dala, wadda a kasuwannin iyaka take nufin sefa biyar. Asalinta kuɗin azurfa ne da aka fara bugawa a kwarin Joachimsthal na ƙasar Bohemiya a farkon ƙarni na 16, aka taƙaita sunan zuwa "thaler", daga nan dalar Amurka ma ta samo suna. Dutsen Dala na Kano ba shi da haɗi da ita.

Su baba da mama ba sa buƙatar dogon bayani. Leɓe shi ne abin da jariri ya fara iya sarrafawa, iyaye a ko'ina su ji "ma" da "ba" su ce da su yake. Shi ya sa ma'anar take yawo: a harshen Jojiya mama uba ne, uwa kuma "deda". Kaka a wurinmu mahaifi ko mahaifiyar uba ko na uwa, a Sawahili wa, wato yaya namiji, a Indiyanci ƙanin uba. Hankaka kuwa da "kaka" ta Sanskirit, tsuntsun ne ya raɗa wa kansa suna da kukansa. Amma kawu da gwaggo da baffa aro ne na gaske daga Fulatanci, kuma zaman tare da auratayya ne suka kawo su.

Inda abin ya fi taɓa zuciya shi ne sunayen ƙasashe da al'ummu, don a nan mutum yana jin asalinsa ake taɓawa. An ce Hausa daga "hau sa" take. An ce Zamfara daga "mazan Fara" take, mazan da suka karɓi wata 'yar sarki mai suna Fara. Waɗannan labarai dukiya ce, suna gaya mana yadda kakanni suka ɗauki kansu da maƙwabtansu, kuma bai kamata a yar da su ba. Sai dai suna ɗaya tilo ba ya yin layi irin na alƙali da alwala da larura, saboda haka ma'aunin sauti ba shi da inda zai kama, kuma a duk duniya an saba ganin suna ya riga labarinsa zuwa. Inda aka sami shaida daga waje, abin yakan fito sarai. Sarkawa, masuntan da ke bakin Kwara da gulbin Kabi, mai jin sunansu zai ɗauka daga sarki yake. Amma a ƙasar Songhai, tun daga Gawo har Dandi, masu kamun kifi da farautar dorina a jirgi Sorko ake kiransu. Sana'a ɗaya, kogi ɗaya, ga kuma tarihin Kabi da ta zauna ƙarƙashin daular Songhai kafin Kanta ya ɓalle a farkon ƙarni na 16. Bahaushe ya karɓi Sorko ya ɗafa mata "awa" irin ta Kabawa da Zamfarawa da Gobirawa.

Aron kuma bai taɓa zama hanya mai zuwa ɗaya ba. Yarbawa sun ba mu ashana da agogo da akawu da keke, su kuma suka karɓi alubosa da wahala da alafiya, kalmomin Larabci da suka gangara kudu ta hannun fataken arewa. Ko nama, wadda kowa zai rantse tamu ce tun fil azal, masana da yawa suna ganin tsohon aro ce daga maƙwabtanmu na gidan Neja-Kwango, domin "nyama" da 'yan'uwanta sun bazu a wannan gidan tun daga tsakiyar Nijeriya har ƙasar Zulu.